Reshen da Bek Ya Yanka

Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da tarihi a makarantun Madina, kuma babban abin da na fito da shi ba ya cikin manhaja: daula ba ta mutuwa ranar da littafi ya ce ta mutu. Littafi yana son rana guda, da yarjejeniya, da sa hannu, don ɗalibi ya sami abin haddacewa. Ita kuwa daula doguwar jinya take yi a gidajen mutane, a cikin akwatuna, da tsofaffin huluna, da yadda ake miƙa wa baƙo gahawa. Daular Turkawa, wadda aka daɗe ana jin tsoronta a ƙasa da teku, a gaban idona ta ƙarasa, cikin gwangwanin man zaitun da aka huda wa gindi da ƙusa.

Mu mutanen Harra ta Yamma ne, wata unguwa a Madina. Kakana ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa don aikin Hajji, ya iso, ya ga ba shi da ƙarfin komawa, sai ya ce dama zama ya zo yi. Mahaifina a nan aka haife shi, kuma ya ƙare rayuwarsa yana aikin lambu a Awali, yankin gonaki na gefen gari, a gonar wasu mutane da ake ce wa Arna'uɗi, wato 'yan asalin Albaniya. Na ƙarshen masu gonar shi ne mutumin da nake son ba da labarinsa. Kowa Bek yake ce masa. Sarauta ce ta zamanin Turkawa da ake ba manyan masu ƙasa, kuma ta daina aiki tun kafin a haife shi. A katinsa na ɗan ƙasa babu ita. Amma har mai kawo tukunyar gas Bek yake ce masa, shi kuma yana amsawa ba tare da ya ɗaga ido ba. Ya girme ni sosai. Ina ce masa Ammi Bek, wato baffa, yana ce mini Ustaz, ranar da ya ji daɗina kuma ya ce ɗan Alhaji.

Bayan na yi ritaya sai ya zama kowace Alhamis bayan la'asar ina gonar. Mukan zauna a ƙarƙashin rumfar inabi da ke jikin katanga, shi a kan kujera, ni a kan benci, ya zuba gahawa, ya fara. Da Larabci muke magana, don harshen kakanninsa bai rage masa ba sai kalmomi kamar goma, rabinsu zagi.

Gidansu, in ji shi, suna da kwari guda tsakanin duwatsu biyu, da kogi, da injin niƙa mai aiki da ruwa, da ƙauyuka bakwai. Ranar da gahawa ta yi daɗi ƙauyukan sukan kai tara. A tsakiya akwai gidan dutse mai hawa uku, wanda tagoginsa ba su wuce faɗin bakin bindiga ba, abin da ke nuna irin zaman lafiyar da ake yi da maƙwabta. Da Turkawa suka zo, kakan kakanninsa ya ƙirga dawakinsu, ya ƙirga nasa, ya ga hikimar abota. Sultan ya ba shi ƙasar da dama tasa ce, da takarda mai tambari, bisa sharaɗin duk ranar da aka buga gangar yaƙi zai fito da mahaya. Manoman ƙauyukan su ne ke noma, su kawo rabon gida a lokacin girbi, su kuma bayar da 'ya'yansu idan an buga gangar. Bek bai cika tsayawa a kansu ba. A labarinsa suna zuwa ne kamar damina, abin da Allah ke aikowa a kan lokaci.

Kowane zamani gidan yakan tura ɗa guda Istanbul. Sunansa ɗalibi, amma kowa ya san jingina ce: muddin yaron yana hannun Sultan, uban zai riƙa tuna wane ne Sultan. Wasu daga cikinsu sun dawo da manyan muƙamai, wasu ba su dawo ba. Akwai kakan da aka aiko wa da alkyabba da rawani a shekara guda, a shekara ta gaba aka aiko a karɓi kan da ya naɗa rawanin. Bek yakan faɗi wannan da alfahari. A ganinsa ba kowa ne Sultan ke ɓata lokacinsa ya sa a sare ba.

Kakan ubansa ya fi sa'a, ko kuwa ya fi rashinta, ban yanke hukunci ba har yau. Shi ma ya yi ƙarfi fiye da yadda ake so, amma ya zo a lokacin da daular ta tsufa ta fara jin kunyar jini. Sai aka ɗaukaka shi. Aka ba shi wani muƙami a Madina, maƙwabtakar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Wane Musulmi ne zai buɗe baki ya ce ba ya so? Kora ce wadda ba a kai ƙararta. Ya taho da iyalinsa, da akwatuna, da wuƙa mai ƙotar azurfa, da wasu rassa na inabin da ke bin bangon gidan dutsen, a naɗe cikin jiƙaƙƙen bargo, ana yayyafa musu ruwan da mutane ke ƙishirwarsa a hanya. Ya sayi fili a Awali ya sa aka dasa, don ya riƙa ganin gida kafin a mayar da shi.

Ba a mayar da shi ba. Daular ta faɗi. Can kuma daga baya aka yi wata gwamnati mai jar tuta da ta ƙwace ƙasa daga hannun masu ƙasa, aka ce gidan dutsen ya zama rumbun hatsi. Wasiƙu suka daina zuwa. Abin da ya iso hannun Bek daga ƙauyuka bakwai ko tara shi ne sarautar da ba ta aiki, da wuƙar, da inabin.

Inabin baƙi ne ƙirin, ƙananan 'ya'ya, fata mai kauri, ƙwallo uku a kowane. Idan ya nuna a farkon zafi, Bek yakan sa a aika wa kowane gida da yake mutuntawa curi guda a kan faranti, an lulluɓe da farin ƙyalle. Tun ina ƙarami yake zuwa gidanmu, kuma bayan rasuwar mahaifina bai fasa ba. Gaskiya ba shi da wani daɗi. Matata takan ce sai an yi alwala kafin a ci, don yana buƙatar haƙuri. Amma mukan cinye, mu mayar da farantin da dabino a kai, kamar yadda ake yi.

Gidan yana da dokoki biyu game da wannan inabi. Ta farko, ana kyautar 'ya'yansa, ba a kyautar irinsa. Manoman Awali da yawa sun roƙi reshe an hana su, kuma duk shekara idan aka yi masa aski, rassan da aka sare tara su ake yi a ƙone a gaban mai gida. Ta biyu ta fi faɗi, don ta shafi rayuwa gaba ɗaya: hannun Bek abu uku yake riƙewa, linzami da takobi da alƙalami. Ba ya taɓa ƙasa. Dawakin sun ƙare, takobin ya zama wuƙar buɗe wasiƙa, alƙalamin ya yi aikin akawu a wani ofishi har ya yi ritaya, amma dokar tana nan. Shekara tamanin yana shan inuwar rumfar nan bai taɓa sunkuyawa ya duba gindinta ba.

Kada in yi masa dariya ni kaɗai. Mahaifina, wanda tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙafar raƙumi, shi ma ya kafa mini doka. Ya ce ni ba zan riƙe fartanya ba. Idan na bi shi gona, a inuwa yake zaunar da ni da littafi. A gida kuma ba ya zancen aiki. In an tambaye shi yaya gona, sai ya ce gona tana gaishe ku. Haka na tashi na san sunayen sarakunan da suka mulki Andalus a jere, ban san watan da ake dasa albasa ba. Ni da Bek, a ƙarƙashin rumfar nan, jahilai biyu ne masu tsabtar farce.

Lokacin da nake magana a kansa, mai kula da gonar wani Bahaushen Cadi ne, dattijo mai furfura a gemu, ya yi shekara ashirin a wurin. Hausarsa ta mutanen can ce, da Larabci a gefenta. Ba shi da yawan magana. Yana ce mini Malam, ina ce masa ɗan'uwa, Bek kuma ya ce masa ya Haj.

Gonar ba ta Bek shi kaɗai ba ce. Gado ce, kuma magada sun yi yawa, wasu a Jidda, wasu a Riyad, wasu ba su san hanyar Awali ba sai da taswirar waya. Suka haɗu suka ce a sayar, mai saye zai share ya yanka filaye. Bek ya ƙi sa hannu tsawon shekara, har ya zama shi kaɗai ya rage, sannan ya sa.

"Sultan ya kore mu daga ta farko, Ustaz," in ji shi a Alhamis ɗin. "Masu jar tuta suka cinye ta. Wannan kuwa 'ya'yan ƙanena ne, kuma sai da suka sumbaci kaina tukuna."

"Su ma suna da iyali, Ammi Bek."

"Kowa yana da iyali. Ba kowa ke da gida ba." Ya ɗaga kai ya dubi rumfar. Tsakiyar sanyi ne, babu ganye ko ɗaya, sai busassun rassa kamar yatsun tsohuwa. "Dabinon su je da shi, dabino na kowa ne. Wannan ba za ta mutu a hannuna ba. Mutum uku suka riƙe ta kafin ni."

Abin da ya rage ke nan: a yanki reshe a raya shi kafin katafila ta zo, kuma an ce za ta zo a ƙarshen wata. Bacadin ya ce lokacin ya yi daidai, don da sanyi ake yankan iri, sa'ad da itacen ke barci.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Na zo na tarar da Bek cikin farar riga da falmaran, kamar mai zuwa ɗaurin aure. 'Yarsa ce ta kawo shi a motarta. Ita ce babbar 'yarsa, malamar asibiti, kuma a wurinta zai koma da zama a unguwar Bani Harisa. Bacadin yana tsaye da almakashin lambu a hannu yana jiran umarni. Sai Bek ya zaro wuƙar azurfa daga aljihu.

"Ajiye almakashinka, ya Haj. Yau ni zan yanka."

"Abuya, gwiwarka," in ji 'yar.

"Gwiwata ta huta shekara tamanin. Kama ni, ɗan Alhaji."

Muka kama shi ni da ita, ya durƙusa a kan ƙasa. Na ji ƙashinsa yana ƙara. Wannan ne karo na farko da ya ga gindin inabin kusa da kusa, kuma ni ma haka. Kututture ne mai kaurin cinya, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa yana da wani kumburi da ya zagaye shi, kamar tsohuwar karaya da ta warke. Daga ƙarƙashin kumburin, dab da ƙasa, wasu sababbin rassa uku sun fito miƙaƙƙu, masu kaurin babban yatsa, jajur da lafiya. A sauran shekaru Bacadin yakan cire irinsu tun suna ƙanana, amma bana da aka sayar da gonar bai kula ba. Rassan sama kuwa, na kan rumfa, sirara ne, karkatattu, sun sha duniya.

Bek ya kama ɗaya daga cikin na ƙasa ya ɗora wuƙa.

Bacadin ya matso kusa da ni. Ya iya Larabci fiye da ni a wasu wuraren, amma ba zai gyara wa mai gida magana a gaban 'yarsa ba. Sai ya yi da Hausa, ƙasa-ƙasa, don ni in kai saƙon da ladabin da ya dace.

"Malam, gaya masa ya hau sama. Daga kumburin nan zuwa sama zai yanka."

Na juya shi zuwa Larabci, na kuma yi masa kwalliya yadda ba zai yi zafi ba. "Ammi Bek, Haj yana ganin kamar na sama sun fi dacewa."

Bek bai waiwayo ba. "Na sama? Dubi na sama, Ustaz. Su ne 'ya'yan ƙanena, sun yi nisa da tushe, sun ƙanjame. Wanda ya fito daga gindi shi ne ya sha daga inda kakana ya dasa. Mu mutanen tushe ne. Ka gaya wa Haj ya san ruwa da taki, ni na san asali."

Bacadin ya sake cewa, "Malam, ba maganar kyau ba ce. A ɗan tsaya in nuna maka."

Ni kuwa maganar Bek ta riga ta burge ni. Ga tsoho a durƙushe, farar rigarsa ta ɓaci, wuƙar kakansa a hannunsa, ga jimla mai kyau da ta fito daga bakinsa. Malamin tarihi ba ya buƙatar fiye da haka. Na ce, "Bar shi, ɗan'uwa. Tunda yake bai taɓa durƙusawa a ƙasar nan ba. Yau ɗaya ce."

Ya dube ni, ya dubi kumburin. "To in yanko ko guda daga sama a haɗa? Ba ya cin wuri."

Wannan na fassara shi daidai. Bek ya ce a'a. Iri ba ya fita daga gonar nan sai ta hannun ɗan gida, kuma abin da ɗan gida ya zaɓa ya isa.

"To," in ji Bacadin. "Gonarku ce."

Don in rufe zancen da armashi, sai na gaya wa Bek cewa mu ma muna da karin magana a kan haka: tushiya masomin dawa. Na yi masa bayani. Ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na maimaita sau biyu, ya ce ashe mutanenmu ma sun san asali. Ya yanke rassan ƙasa duka ukun. Wuƙar ba ta da kaifi, ya daɗe yana gurzawa.

Katafila ta zo a kan lokacinta. Ban je ba. Da na bi ta wurin bayan mako biyu, katangar ta tafi, an jera kututturan dabino a gefen hanya, kuma na kasa gane inda rumfar take.

An dasa rassan uku a gwangwanayen man zaitun, aka jera su a barandar 'yarsa, hawa na uku, inda iskar na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta ke busowa da zafi. Biyu suka bushe. Na ukun, wata safiya, ya fasa ido. Bek ya kira ni a waya da kansa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ta tashi." Kafin zafi ya kankama reshen ya yi ganye ya fara neman abin kamawa.

Na ɗauki hotonsa a waya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na haɗu da Bacadin, wanda ya sami aiki a wata gonar a Awali. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na nuna masa hoton, ina jin kamar ni na haifi ganyen. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da ido, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Ya kama da kyau," in ji shi. "Dama irin wannan ba ya ƙin kamawa. Ko kan dutse ka jefa shi."

"Irin wanne?"

"Na gari mana. Dubi ganyen, Malam. Nasu yana da yatsu biyar, tsagar tana shiga ciki sosai. Wannan shafaffe ne kamar tafin hannu."

Na ce ban gane ba. Ya ja ni inuwar wani shago ya yi mini karatun da ya so ya yi mini a ranar, na hana shi. Inabin Bek mai aure ne. Wato itace biyu ne aka haɗa: gindi daban, sama daban. Tsohon da ya tarar a gonar, wanda ya koya masa aikin wurin, shi ya ba shi labari. Wata shekara can baya ruwan rijiya ya yi gishiri, saiwar inabin ta fara ruɓewa, don ba ta saba da irin wannan ruwa ba. Wani Alhaji Bahaushe da ke aikin gonar a lokacin ya ga za ta tafi. Sai ya nemo gindin inabin gari, irin wanda ke jure ruwan Madina, ya dasa a gefenta, da ya kama sai ya tsaga shi, ya cusa reshen nasu a ciki, ya ɗaure da tsumma da laka. Tsohuwar ta mutu, ya tone ta. Kumburin nan shi ne wurin ɗaurin. Duk abin da ke sama da shi nasu ne na can. Duk abin da ke ƙasa da shi na nan ne.

"Bai gaya wa masu gida ba?"

"Sun tambaye shi ne? Inabi ya fito baƙi kamar kullum, aka kai musu a faranti."

Ban gaya masa wane ne Alhajin ba. Ina jin ya sani. A zamanin da yake faɗi, Bahaushe ɗaya ne a gonar, kuma shi ne mai ce mana gona tana gaishe ku.

Na ce, "Ɗan'uwa, da ka san haka, me ya hana ka yanko na sama a ɓoye bayan mun tafi? Kwana nawa gonar tana hannunka kafin katafila?"

"Kwana goma sha ɗaya. Na yi tunani." Ya miƙo mini wayata. "Malam, shekara ashirin ban ɗauki dabino ɗaya ba sai da izini. Mai abu ya ce a'a a gaban 'yarsa, kai kuma mai karatu ka ce a bar shi. A ranar ƙarshe zan koyi sata?"



Na koma ga abin da na iya, wato littattafai. Na karanta duk abin da na samu a kan auren itace, ina da shekara sittin da wani abu, karatun da mahaifina zai iya yi mini a yammaci ɗaya da na tambaye shi. A wani wuri na ga an ce wani lokaci reshen sama yakan yi tasa saiwar idan ƙasa ta rufe wurin ɗaurin, kuma ganyen ƙaramin itace ba koyaushe yake kama da na babba ba. Na riƙe wannan da hannu biyu. Na san kumburin yana sama da ƙasa, da idona na gani. Amma mutum idan yana son abu, yakan iya mantar da idonsa.

Alhamis ɗinmu ta koma baranda. Bek ya rame, amma ya sami aikin yi. Da kansa yake ba shukar ruwa da butar shayi, safe da yamma, yana tona ƙasar da cokali. Wata rana ya miƙo mini hannunsa ya nuna mini baƙin da ke ƙarƙashin farcensa, kamar mai nuna lambar yabo.

"Da ubana zai ga wannan, da ya ce a rufe ƙofa kada baƙi su gani."

"Ya yi maka kyau, Ammi Bek."

"Kada ka yi mini daɗin baki, ɗan Alhaji, kai ma naka fari ne tas." Ya shafa ganye ɗaya. "Idan ta yi ƙarfi za a yanki reshe a kai can, a dasa a jikin gidan dutsen. Na gaya wa wannan." Ya nuna 'yarsa da haɓa.

"In sha Allah, Abuya," in ji ta daga cikin ɗaki. Ta riga ta gaya mini a ƙofa cewa ba a hawa jirgi da ɗanyen itace haka kawai, kuma ba ta san ko gidan dutsen yana nan ba.

Ranar na zo da niyyar faɗa masa. Na shirya maganar a mota, da gabatarwa da komai, har da yabon mahaifina, wanda ya ceci inabin gidansu shekaru masu yawa ba wanda ya ce masa sannu. Ina ganin wannan haƙƙinsa ne. Na buɗe baki, sai Bek ya riga ni.

"Ka gani, Ustaz? Sultan ya tafi. Masu jar tuta sun tafi. Gona ta tafi. Mu ga mu a gwangwani, amma mu ne." Ya yi tari. "Yaya karin maganar nan taku?"

Na ce, "Tushiya masomin dawa."

"Shi fa."

Na sha gahawata. Aka kira magariba, na yi sallama.

Ya rasu a zafin shekara ta biyu, shukar ba ta kai ga yin 'ya'ya ba. Aka yi masa salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, inda ba a rubuta Bek a kan kowa. Bacadin ya zo, ya tsaya a sahun baya, ya kama gawar tare da mu.

Bayan kwana bakwai 'yar ta zo gidana da gwangwanin a bayan mota, ta shimfiɗa masa jarida. Ta ce, "Ammi, Abuya ya ce a ba ɗan Alhaji ya riƙe amana har a sami mai tafiya." Ita ba ta san abin da ta kawo ba, ni kuwa na sani: tun da kakan uban Bek ya sauka a garin nan, wannan ne karo na farko da gidan ya ba wani iri.

Tsakar gidana ba ƙasa ba ce, baƙin dutsen Harra ne da aka lulluɓe da siminti. Na ari diga na fasa wuri da kaina. Kwana uku na yi, tafina ya yi bororo ya fashe. 'Ya'yana suna leƙowa, ina yi musu bayani da Hausa suna amsa mini da Larabci cewa akwai ma'aikata. Matata ta kawo mini man shafawa, ta ce da Alhaji zai ga wannan rami da ya sa na cike na sake. Na zuba ƙasar da na roƙo daga Awali, na dasa, na kafa masa rumfa da bututun ruwa. Ya kama nan da nan, ya haye rumfar a shekara guda, ba ya ciwo, ba ya ƙin ruwan famfo.

Bana ya yi fure, ya ɗaure curi huɗu. Kowace safiya nakan fita da tabarau in duba ko sun fara rinewa. Na jira har suka yi laushi, har tsuntsaye suka fara saukowa.

Farare ne.